Muhammadu Al-Kashinawi, Masanin Hisabi na Katsina

Idan ana lissafa malaman da ƙasar Hausa ta yi kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, akan fara da waliyyan Katsina, wato Ɗan Marina da Ɗan Masani. Akwai wani Bakatsinen kuma wanda sunansa ya fi yaɗuwa a ƙasashen waje fiye da gida. Shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi, wanda ya yi zamani a farkon ƙarni na 18, ya kuma rasu a birnin Alƙahira na ƙasar Masar a shekarar 1741. Malami ne na nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari. Amma abin da ya sa masana lissafi suke ambatonsa har gobe shi ne littafin da ya rubuta a kan yadda ake gina hatimi. A cikin littafin ya tsara aikin daki-daki, yadda duk wanda ya bi matakan zai kai ga amsa, ko da bai taɓa zama gaban malamin ba. Irin wannan tsari shi ne tushen aikin masu rubuta manhajar kwamfuta a yau, ko da yake Kashinawi ya bar duniya shekara 200 kafin a ƙera kwamfutar farko mai aiki da lantarki.

Sunansa ma tarihi ne. Al'adar Larabawa ce su jingina mutum ga ƙabilarsa da garinsu. Al-Fulani yana nufin Bafulatani. Al-Kashinawi yana nufin mutumin Kashina, domin haka Larabawa suke kiran Katsina. Akan ƙara masa da As-Sudani, wato mutumin ƙasar baƙar fata, sunan da a wancan lokaci ya haɗa da Afirka ta Yamma. Akan kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Wanda ya adana mana labarinsa shi ne Abdurrahman Al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, a cikin babban littafinsa Aja'ibul Asar. Za mu ga dalilin da ya sa Bamisire ya san labarin Bakatsine har haka.

Karatunsa a gida

A zamanin da Kashinawi ya tashi, Katsina tana cikin ganiyarta. Ayarin raƙuma sukan keto hamada daga Agadas da Gat da Tarabulus, su sauke gishiri da tufafi da takarda da littattafai. Fatake kuma sukan nufi Gwanja su ɗauko goro. Inda kasuwa ta bunƙasa, nan malamai suke taruwa, domin ɗan kasuwa yana bukatar mai rubuta masa wasiƙa, da mai raba masa gado, da alƙalin da zai yanke masa hukunci. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Al-Magili ya ziyarci birnin, kuma Hasumiyar Gobarau da ke tsaye har yanzu shaida ce ta daɗewar ilimi a wurin.

Al-Jabarti ya ambaci malamansa guda huɗu: Shaihu Muhammadu Al-Wali, malamin ƙasar Barno da Bagirmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fudu. A wurin Shaihu Fudu ya yi karatun adabi da nahawu da sarfu. Ya lizimce shi wajen shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya, domin malaman da ba su cika zama wuri ɗaya ba, kuma almajiri yakan bi malaminsa duk inda ya sa gaba. Da farko malamin yana yi masa laƙabi da mai Muƙama, saboda yadda ya haddace wannan littafi mai wuyar lugga. Da ya ga ya ƙware a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci na birnin Basra. Ba ƙaramin yabo ba ne malami ya ba almajirinsa wannan suna.

Shaihu Bindu shi ya koya masa hisabi, wato lissafi, da ilimin miƙati, da ilimin haruffa da aufaƙi. Miƙati shi ne sanin lokaci ta hanyar duban rana da taurari, kuma a zamanin da babu agogo a kowane hannu, da shi ake gane lokutan salla da alƙibla. Ilimin haruffa kuwa an gina shi ne a kan wata dabara: kowane harafin Larabci yana da lambarsa. Alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1000. Saboda haka ana iya mayar da suna ya zama adadi, a kuma mayar da adadi ya zama kalma.

Kashinawi ya koyi wannan ne bisa hanyar mutanen Magrib, wato Arewa maso Yammacin Afirka, kuma hanyarsu ta sha bamban da ta mutanen Gabas a wasu haruffa. Harafin sin, alal misali, 300 ne a Magrib, amma 60 ne a Masar da Makka. Wanda ya ɗauki lissafin wani ɓangare ya karanta shi da ƙa'idar ɗaya ɓangaren zai sami amsar da ba ita ba. Kwamfuta ma haka take aiki, domin ba ta san harafi ba sai lamba. A wurinta babban harafin A lamba 65 ne. Idan kun taɓa karɓar saƙon Hausa a waya kuka ga ƙananan akwatuna a wurin ƙ da ɗ da ɓ, to, kun ga irin wannan matsala. An aiko da lambar harafi, amma na'urar da ta karɓa ba ta da siffarsa, ko kuma ta fassara lambar da wata ƙa'ida dabam. Don a haɗa kan duniya a kan ƙa'ida guda aka kafa tsarin Unicode, wanda ya ba haruffan harsuna masu yawa lambobinsu, har da masu lanƙwasa na Hausa.

Makka da Masar

Tafiya aikin hajji a wancan zamani ba wasa ba ce. Wasu alhazai sukan bi ta Barno su keta hamada ta Fezzan zuwa Masar. Wasu kuma sukan miƙe gabas ta Bagirmi da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Akan yi watanni, wani lokaci shekaru, kuma da yawa ba sa komowa. Kashinawi ya yi hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda watan hajjinta ya faɗo a 1730, kuma ya rubuta labarin abin da ya gamu da shi a tafiye-tafiyensa. Bayan hajji ya zauna a Makka, inda ya fara rubuta wani babban littafi a kan ilimin taurari da ɗalasimai mai suna Ad-Durrul Manzum. Ya gina shi a kan wani tsohon littafi da ake jinginawa ga Faharuddin Ar-Razi, ya kasa shi gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa. Bai gama shi ba sai a Masar, a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733 zuwa farkon 1734.

Alƙahira a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Turkawa, kuma masallacin Azhar shi ne cibiyar karatu da ɗalibai suke nufa daga ko'ina. Mutanen Afirka ta Yamma ba baƙi ba ne a birnin, domin tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa masauki da makaranta a can saboda alhazansu da ɗalibansu. Kashinawi ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar. A Masar ya zama malamin da malamai suke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Ya rubuta littafin nahawu mai suna Bulugul Arab. Ya tsara ilimin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, a waƙe, ya sa masa suna Minahul Ƙuddus, sannan ya yi masa dogon sharhi da kansa. A wajen 1732 kuma ya rubuta aikinsa a kan aufaƙi. Littafinsa na wannan fanni shi ne Bahjatul Afaƙ.

Mene ne hatimi?

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta zauren malamin tsibbu, a Katsina ko a Zangon Agege, mai yiwuwa ya ga an zana murabba'i a kan allo ko takarda, an kasa shi gida-gida, an zuba lambobi ko haruffa a ciki. Hausawa suna kiran wannan hatimi. Larabawa kuma suna cewa wafaƙi, jam'insa aufaƙi, daga kalmar da ke nufin dacewa, saboda layukansa duka sun dace a kan jimla guda. Mutane da yawa sun ɗauki hatimi a matsayin abin tsari ko magani, kuma Kashinawi kansa yana cikin masu ganin akwai asiri a tattare da shi. Malaman addini sun daɗe suna saɓani a kan wannan, wasu sun yarda, wasu sun hana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne lissafin da ke ciki, wanda kowa zai iya gwadawa da fensir.

Ga mafi ƙanƙantar hatimi, mai gida uku a kowane layi, wanda malamai suke jinginawa ga Imam Gazali:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara kowane layi a kwance, za ku sami 15. Ku tara a tsaye, 15 ne. Ku bi daga kusurwa zuwa kusurwa, 4 da 5 da 6, ko 2 da 5 da 8, har yanzu 15 ne. Dalilin wannan adadi a fili yake. Lambobi daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45 ce, kuma idan aka raba 45 ga layuka uku kowanne zai sami 15. Hatimi mai gida biyar a layi yana ɗauke da 1 zuwa 25, jimlarsu 325, saboda haka kowane layi 65 ne. Mai gida bakwai 175 ne, mai gida tara kuma 369.

Sanin jimla abu ne mai sauƙi. Wuyar tana wurin sanin gidan da kowace lamba za ta zauna. Mutum zai iya cewa bari ya yi ta gwadawa har ya dace. A hatimi mai gida tara kacal akwai hanyoyi 362,880 na jera lambobin, kuma takwas ne kawai suke daidai. Su takwas ɗin ma hatimi ɗaya ne ake jujjuyawa. Idan aka koma mai gida 25, yawan hanyoyin jerawa adadi ne mai alƙaluma 26. Da za a sa kwamfutar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa ta bi su duka, sai ta shafe fiye da shekara miliyan 400 ba ta gama ba. Wannan darasi ne da ake koya wa duk mai koyon rubuta manhaja tun da wuri: saurin na'ura ba ya maye gurbin kyakkyawar hanya.

Kashinawi ya tattara hanyoyin gina hatimi mai layi wutiri, wato wanda adadin gidajen layinsa ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Ba shi ya ƙago fannin ba. Sinawa sun san hatimi mai gida tara tun da daɗewa, kuma malaman ƙasashen Musulmi sun yi rubuce-rubuce a kansa tun ƙarni na 10. Sukan bayyana motsi daga gida zuwa gida da sunayen 'ya'yan shaɗaranji, wato darar nan da ake yi da sarki da doki da sojoji na itace, su ce a yi tsallen doki ko a yi taku ɗaya a karkace. Gudummawar Kashinawi ita ce ya tara abin da ya gada, ya tsara shi, ya warware wuraren da ke rikita ɗalibi. Cikakken sunan littafin ma yana nuna cewa an yi shi ne don kawar da ruɗani da buɗe abin da ya kulle a wannan ilimi.

Don ku ga yadda irin wannan hanya take aiki, ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin da malaman fannin suka yi amfani da su. Ku zana murabba'i mai gida uku-uku. Ku sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan, kowace lamba ta gaba za ta sauka gida ɗaya ƙasa, ta kuma matsa gida ɗaya dama. Idan wannan taku ya fitar da ku ta ƙasan murabba'in, sai ku ɓullo ta sama. Idan ya fitar da ku ta dama, sai ku ɓullo ta hagu. Idan kuwa kuka tarar gidan da za ku shiga da lamba a ciki, sai ku fasa takun, ku sauka gida biyu ƙasa daga inda kuke tsaye, a layin tsaye guda. Haka za ku yi ta yi har gidaje su cika.

Mu bi ta tare. Lamba 1 tana tsakiyar layin ƙasa. Takun farko ya fitar da mu ta ƙasa, saboda haka 2 ta ɓullo a layin sama, a kusurwar dama. Taku na biyu ya fitar da mu ta dama, sai 3 ta ɓullo a layin tsakiya, a gidan hagu. Yanzu gidan da ya kamata 4 ta shiga shi ne inda 1 take. Sai mu sauka gida biyu daga wurin 3: na farko shi ne kusurwar ƙasa ta hagu, na biyu ya zagayo da mu kusurwar sama ta hagu, nan 4 za ta zauna. Daga nan 5 ta faɗa tsakiya, 6 ta faɗa kusurwar ƙasa ta dama. Ku ƙarasa sauran ukun da kanku, za ku ga kun sami hatimin da ke sama. Abin sha'awa shi ne, ba tare da an sauya ko kalma ɗaya daga umarnin ba, yana gina mai gida biyar-biyar:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Zai kuma gina mai gida bakwai-bakwai, ko 101 a kowane layi, idan akwai mai haƙurin zanawa. Wanda yake bin umarnin ba ya bukatar ya san dalilin da ya sa yake aiki. Ya isa ya iya ƙirga, ya san dama da hagu.

Daga allo zuwa kwamfuta

Jerin umarni irin wannan, wanda yake da mafari da ƙarshe, kuma babu matakin da aka bar wa mai bi ya yi hasashe, shi masana suke kira algoridim. Kalmar ta samo asali daga sunan Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Manhajar kwamfuta kuwa algoridim ce da aka rubuta cikin harshen da na'ura take iya bi. Wayar da ke hannunku, da na'urar cirar kuɗi ta banki, da kwamfutar da ke riƙe lissafin kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta Apapa, duk da irin wannan umarni suke aiki.

Idan kuka sake duban hanyar gina hatimin, za ku ga manyan ginshiƙan rubuta manhaja a cikinta. An faɗi inda za a fara. An ba da taku guda da za a yi ta maimaitawa har gidaje su cika, kuma maimaitawa ita ce abin da kwamfuta ta fi ɗan Adam iyawa, tun da ba ta gajiya. Akwai kuma sharaɗi: idan gida babu kowa a shiga, idan da lamba a ciki a bi wata hanya. Duk harsunan rubuta manhaja da ake koyarwa a makarantu, irin su Python da Java, suna da kalmomi na musamman don maimaitawa da don sharaɗi.

Batun fita ta ƙasa a ɓullo ta sama ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne yake ba masu koyo wuya. Wanda ya iya wasan ayo na Yarabawa ya riga ya san shi: idan kana zuba 'ya'ya ka kai ramin ƙarshe, ba ka tsayawa, sai ka zagayo. Kwanakin mako ma haka suke. Idan yau Litinin ce, wace rana ce bayan kwana 10? A raba 10 da 7, saura 3. A ƙirga uku daga Litinin, an sami Alhamis. Da wannan lissafin saura kwamfuta take zagayowa. Masu rubuta manhaja sukan fara ƙirga layuka daga 0, saboda haka layukan hatimi mai gida biyar su ne 0 zuwa 4. Idan taku ya kai layi na 5, wanda babu shi, sai a raba 5 da 5, saura 0, an koma layin sama ke nan. A harshen Python alamar % ita ce take yin wannan aiki.

Kowace hanya kuma tana da iyakarta, kuma wajibi ne a faɗe ta. Wannan hanya ta wutiri ce kawai. Ku gwada ta a murabba'i mai gida huɗu-huɗu, tun a matakin farko za ku tsaya, domin ba shi da gidan tsakiya. Hatimin shafa'i, wato mai layi 4 ko 6 ko 8, yana da nasa hanyoyin dabam. Mai rubuta manhaja da ya san aikinsa yakan sa ta fara duba adadin da aka ba ta kafin ta soma aiki. Bayan ta gama kuma yakan sa a tara layuka duka a tabbatar sun yi daidai, kamar yadda malami yake bin hatiminsa da lissafi kafin ya miƙa shi. Kuskuren gida ɗaya ya isa ya ɓata layi biyu ko fiye.

Akwai wuri guda da Kashinawi ya sha bamban da masu wannan sana'a na yau. Ya gargaɗi mai karatunsa da ya yi aikin a keɓe, kada ya baza ilimin ga duk wanda ya tarar, domin a ganinsa haruffa da lambobi amana ce. Ya kuma hore shi da naci, kada ya karaya idan abu ya ƙi, har ya kwatanta shi da masoyi wanda ba ya samun biyan bukata sai da dogon haƙuri. Nasihar naci tana nan daram, duk wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure guda a cikin manhaja zai shaida. Batun ɓoyewa kuwa zamani ya juya shi. A yau idan wani ya warware matsala, yakan ƙunshe umarnin, ya ba shi suna, ya ajiye shi a rumbun manhaja, inda wasu za su ɗauka su yi amfani da shi ba sai sun sake ƙirƙira ba. Da yawa daga irin waɗannan rumbuna kyauta ne a intanet, kuma da su matasan da ke rubuta manhaja a Yaba suke gina ayyukansu. Hatimi ma ya shiga rumbu. A manhajar lissafi ta MATLAB akwai umarni mai suna magic, wanda idan aka ba shi lamba 5 zai fito da hatimi mai gida 25 nan take.

Duk da gargaɗinsa, a ganina Kashinawi ya fi kusa da masu rumbu fiye da masu ɓoyo. Malamin da yake son ilimi ya tsaya a wurinsa ba ya zama ya rubuta shi dalla-dalla. Ilimin da ake raɗa wa almajiri guda a kunne yakan bi almajirin kabari, amma wanda aka rubuta matakansa ana iya kwafarsa, a gwada shi, a gyara shi, a ɗora a kansa. An kuwa ci gaba da ɗorawa. Bafaranshe Frénicle de Bessy ya gano cewa hatimi mai gida huɗu-huɗu iri 880 ne, aka buga sakamakonsa a 1693. Na gida biyar-biyar ya gagari ƙirgar hannu, sai a 1973 Richard Schroeppel na Amurka ya rubuta manhajar da ta ƙirga su, ta sami 275,305,224.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurin Kashinawi a Alƙahira akwai Shaihu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihu da ilimin taurari, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Habasha. A wurin Kashinawi ya koyi ilimin aufaƙi da lissafin haruffa. Don a san matsayin wannan ɗalibi, ga abin da ya faru 'yan shekaru bayan rasuwar malaminsa. Wani gwamnan Turkawa mai suna Ahmad Basha ya zo Masar yana son tattauna ilimin lissafi da malaman Azhar, sai ya tarar manyansu ba su ba fannin muhimmanci ba. Da ya nuna mamakinsa, sai Shaihun Azhar ya haɗa shi da Hasan Al-Jabarti. Gwamnan ya yi karatu a wurinsa, har ya koyi sassaƙa agogon rana a kan dutse.

Zumuncin malami da ɗalibi ya yi ƙarfi har Kashinawi ya koma gidan Shaihu Hasan. A nan ajali ya same shi a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741, nesa da Katsina. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya yi gini a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bayan shekara goma sha biyu ko sha uku aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. A daidai wannan lokaci ne kuma, a 1754, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir. Abdurrahman bai ga Kashinawi da idonsa ba, amma ya tashi a gidan da aka bar wa amanar littattafansa, kuma da ya zo rubuta tarihin Masar ya keɓe masa wuri a cikin manyan malaman da suka rasu a ƙasar, ya jera malamansa da littattafansa ɗaya bayan ɗaya. An buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. Wani kwafin rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi yana ajiye a ɗakin karatu na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta fitar da littafi a kan lissafin mutanen Afirka mai suna Africa Counts, ta kawo labarinsa da hanyoyinsa na gina hatimin wutiri a ciki, kuma ta wannan littafi ne masu karatun Ingilishi da yawa suka fara jin sunan malamin na Katsina.